Rikoda Ta Koma Karɓar Memori, To Wa Zai Karanta Mana Kaset?

Duk mai zagaya rumfunan masu gyaran rediyo a 'yan shekarun nan zai lura da wani sabon aiki da ya shigo musu, wanda a da babu shi a cikin sana'ar. Mutum ne zai kinkimo tsohuwar rikodarsa, irin National ko Sharp ko Sanyo ɗin nan mai lasifika biyu da hannun ɗauka, wadda ta shekara goma ko fiye a kan sif tana shan ƙura, ya dire ta gaban mai gyara ya ce a mayar masa da ita mai memori. Kafin la'asar an gama. Rikodar da ta saba haɗiyar kaset ta koma karɓar memori da filashi, tana kama waya ta Bluetooth, har da ɗan rimot ɗinta. A manyan garuruwa aikin ya fara, inda kayan suke, amma yanzu ya kai karkara. Mutumin Yola, ba ta Adamawa nake nufi ba, tamu ta ƙasar Ƙaraye, ko na wani gari a ƙasar Rogo, ba sai ya niƙi gari ya tafi Kano ba kafin a yi masa wannan aiki. Ran kasuwa ya ishe shi.

Ya kamata mai karatu ya fahimci abin da ake yi a cikin akwatin, domin a nan maganar take. Rikoda sassa uku ce a dunƙule. Akwai injin da ke jan zaren kaset, wato ƙaramar mota da bel na roba da 'yar taya mai matse zare da kuma hed, wanda shi ne ke karanto sautin. Akwai sashen da ke ƙara wa sautin ƙarfi. Sai kuma lasifika. Abin da ya fi saurin mutuwa shi ne na farko: bel ya saki, ko ya narke ya zama kamar kwalta, taya ta bushe ta tsattsage, hed ya side saboda gogar zare na shekaru. Sauran biyun kuwa sau da yawa lafiyarsu ƙalau. Sai mai gyara ya sayo wani ɗan fanel da bai kai tafin hannu ba, irin wanda ake shigowa da shi daga ƙasar Sin, mai ramin memori da ramin filashi da 'yar ƙwaƙwalwar da ke mayar da fayil ɗin MP3 sauti. Shi wannan fanel ba shi da ƙarfin da zai motsa lasifika da kansa, don haka ake jona wayarsa a daidai makunnin ƙara murya na rikodar. Ba a jona shi a mazaunin hed, saboda abin da hed ke fitarwa ɗan siriri ne ƙwarai, kuma an tsara abin da ke bayansa ne don ya ninninka shi, to in aka zuba masa sautin fanel sai ya ɓarke. Galibin waɗannan fanel wuta mai ƙarfin bolt 5 suke sha, rikoda mai manyan batira shida kuwa bolt 9 take bayarwa, sai a sa ɗan abin rage wuta a tsakani. Saura wurin zama. Wuri mafi sauƙi shi ne ƙofar kaset, don haka sai a kwance injin gaba ɗaya, a jefa shi kwandon da 'yan gwangwan za su zo su auna.

Ni ban ga laifin mai rikoda ba, ban kuma ga na mai gyara ba. Hasali ma akwai abin yabo. A zamanin da ake sayar mana da 'yan rediyoyin roba masu mutuwa kafin damina ta zagayo, ga mutum ya ɗauki akwatin da aka ƙera a Japan shekara arba'in da suka wuce ya ƙara masa kwana, da ɗan ƙarfen dalma da basirar da ba a aji ya koye ta ba. Lissafin ma yana tare da shi. Motar jan zare ita ce mai cinye batir, da an cire ta sai batir ya yi auki, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne a garin da wutar lantarki baƙuwa ce. Sannan kaset mai lamba 90 minti casa'in yake ɗauka, arba'in da biyar kowane gefe, alhali memori mai giga 8 zai ɗauki abin da ya kai kaset casa'in irin wannan, in an matse sautin yadda aka saba matse shi a kasuwa. Babu tauna zare, babu neman biro a naɗe, babu juya gefe ana tsakiyar tafsiri. Wane ne zai ƙi?

Damuwata tana ga abin da aka bari a gida. Wanda ya kawo rikoda gyara, kusan ko da yaushe akwai adaka ko kwali ko tsohuwar jakar Makka cike da kasa-kasai a ƙarƙashin gadonsa ko na mahaifiyarsa. Ranar da aka kwance injin nan, ranar ce waɗannan kasa-kasai suka rasa mai karanta su a gidan. In maƙwabci ma ya yi haka, na gaba da shi ma ya yi, to an wayi gari unguwa guda tana da ɗakunan ajiya masu yawa, mabuɗi ko ɗaya babu.

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da kaset a 1963, a wani baje-kolin kayan rediyo a Balin, kuma injiniyan da ya jagoranci aikin, Lou Ottens, sai a 2021 ya mutu. Kafin zuwansa ƙasar Hausa muna da garmaho da faifansa, muna da rediyo, musamman ta Kaduna da aka buɗe a 1962. To amma faifan garmaho sai kamfani ya ga dama ya buga, rediyo kuwa sai wanda ma'aikatanta suka zaɓa ake ji. Abin da kaset ya zo da shi sabo shi ne jan maɓallin nan na ɗaukar magana. A karo na farko talaka ya sami ikon kama murya ya ajiye ba tare da izinin kowa ba. Shekarun 1970 suka zo da kuɗin fetur da ƙarin albashin Udoji, alhazai kuma suka riƙa dawowa daga Makka da rikoda a cikin tsaraba, har ta zama kayan ado a ɗakin amarya da teburin mai shayi. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar kwafar kaset da rarraba shi zuwa ko'ina a Arewa da ƙetaren iyaka, abin da Brian Larkin ya yi dogon bayani a kansa a littafinsa Signal and Noise na 2008.

Tarihin addini a Arewa tun daga wancan lokaci ba zai rubutu ba in aka cire kaset. Tafsirin Shaihu Abubakar Mahmud Gumi na Masallacin Sultan Bello rediyo ce ta watsa shi, amma kaset ne ya sa ake maimaita shi bayan azumi ya wuce. Ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta yi amfani da shi matuƙa, malaman ɗariƙu su ma suka mayar da martani da shi, sha'irai suka cika kasuwa da bege. Ɗalibai da yawa na Shaihu Ja'afar Mahmud Adam ba su taɓa zama gabansa ba har aka kashe shi a 2007, ta kaset suka yi karatu a wurinsa. Ba mu kaɗai ba ne. A Iran jawaban Khumaini ta kaset suka riƙa shiga ƙasar daga gudun hijira kafin juyin 1979, a Masar kuma Charles Hirschkind ya rubuta littafi sukutum a kan wa'azin kaset.

Wani zai ce ai duk waɗannan suna cikin waya yanzu. Gaskiya ne, manyan suna ciki. Alhaji Mamman Shata da ya rasu a 1999, da Musa Ɗanƙwairo da ya riga shi a 1991, da Barmani Choge da Ɗanmaraya Jos, duk mai 'yan kuɗi kaɗan zai je wurin masu tura waƙoƙi a cika masa memori da su. Ko da yake su ɗin ma akwai magana, domin yawancin abin da ke yawo kwafi ne na kwafin kwafi, an ɗauko shi daga kaset ɗin da ya gaji, an matse shi har kalangu ya koma kamar ana kaɗa gwangwani. Amma bari mu bar wannan. Kasa-kasan da suka fi tsaya mini a rai su ne waɗanda ba su taɓa shiga kasuwa ba, waɗanda kwafinsu ɗaya ne tak a duniya.

A cikin irin adakar nan ake samun kaset ɗin saƙo. Yaran yanzu da ke aika murya ta WhatsApp suna zaton su suka fara, alhali kakanninsu sun riga su. Tsohuwar da ba ta yi boko ba, ba ta kuma son mai rubuta wasiƙa ya ji sirrinta, sai ta sa a danna mata jan maɓalli, ta zauna ta yi wa ɗanta da ke Legas ko Kurmi ko Sudan ko Makka magana ta rabin awa: gaisuwa, da labarin damina, da wanda ya rasu, da wadda ta haihu, da faɗa a kan ya daɗe bai aiko ba. A ba direba ko maniyyaci ya kai, bayan watanni amsa ta dawo a wani kaset ɗin. A cikinta ake samun kiɗan gayya da aka ɗauka a bakin gona, da kirarin 'yan tauri da na mafarauta, da waƙoƙin mata na daɓe da na niƙa da na kamun amarya, da tafsirin limamin gari wanda sunansa bai taɓa wuce ƙasar hakiminsa ba, da makaɗin da ya yi wa sarkin noman ƙauyensu waƙa bai taɓa taka ƙofar gidan rediyo ba. Mai tura waƙoƙi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ya tura wa mutumin Yola shi ya tura wa na Gaya da na Maraɗi.

Ga mai nazarin harshe, wannan yanki na yammacin Kano wuri ne mai daraja, domin Rogo ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, nan ne Kananci ke gogayya da Katsinanci da Zazzaganci. Yadda tsofaffin wurin suke magana a 1980, kafin fina-finai da rediyoyin FM su goge wa kowa harshe ya koma iri ɗaya, ba a rubuce yake ba. In yana wani wuri, to a kan zaren kaset yake. Haka kuma madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a ƙasar Ƙaraye a 1992 ta shanye gonaki da fadamu, ta sa mutane sun sake matsuguni. Duk kaset ɗin da aka ɗauka a wani biki ko wata gayya a waɗannan wurare kafin shekarar, yana ɗauke da sunayen gonaki da unguwanni da mutanen da yau ruwa ne a kan sawunsu.

Shi zaren kaset leda ce siririya, faɗinta bai kai milimita 4 ba, an shafe ta da garin ƙarfe mai kama maganaɗisu, tana wucewa ta kan hed da gudun santimita 4.76 a daƙiƙa. Zafi yana cutar da ita, laima tana sa mata funfuna, ajiye ta kusa da maganaɗisun lasifika yana rage mata murya. Duk da haka kaset mai kyau irin TDK ko Maxell da aka ajiye a inuwa yakan yi magana bayan shekara arba'in. Masana adana sauti sun daɗe da gane cewa na'urar za ta riga zaren mutuwa. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, suka ƙaddamar da wani shiri na gargaɗi a kan zaren maganaɗisu, inda suka nuna cewa wajen 2025 samun na'urorin karanta shi da kayan gyaransu zai zama da wuya ƙwarai. Manyan kamfanonin da suka iya ƙera injin kirki sun daina tuntuni. Sababbin 'yan na'urorin da ake sayarwa da arha, masu cewa suna juye kaset zuwa filashi, injinsu ba shi da daidaito, murya na rawa a cikinsu, wani lokaci su tauna zaren da ba shi da na biyu. Wato injin da mai gyara ke jefawa kwandon gwangwan ya fi wanda za a iya saya sabo a yau.

Memorin da muka koma gare shi kuma ba wurin ajiya ba ne, wurin saurare ne. Kaset in zai lalace a hankali yake yi, ya dushe, ya tsinke a ɗaura, a rasa daƙiƙa biyu a tsira da sauran. Memori kuwa dare ɗaya yake ɗaukewa da duk abin da ke cikinsa. Akwai na jabu da ke nuna giga 32 alhali cikinsa bai kai haka ba, akwai cutar kwamfuta da ake kwasowa a shagon turi, kuma ko mai kyau ne in aka jefa shi a durowa shekaru ba a sa shi a wuta ba yana iya zubar da abin da ya riƙe. Wani abin da ya fi ba ni takaici shi ne ɓacewar suna. A bayan kaset akwai rubutun hannu, da boko ko da ajami: wane ne, a ina, wace shekara. A memori sai ka tarar da lamba kawai, ko a laƙaba wa waƙar wani sunan wani, kuskuren ya bi Bluetooth ya zagaye ƙasa har ya zama gaskiya a bakin yara.

Abin da kaset guda ɗaya zai iya yi, Nijar ta nuna mana. Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na ogan a Yamai a 1978, aka buga kaset kaɗan, abin ya kwanta shekaru fiye da talatin. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ci karo da kwafi ɗaya a Yamai, ya nemi mai shi, kamfaninsa na Sahel Sounds ya sake fitar da kiɗan a 2013, dattijon ya koma yawon wasa har Turai. Da wancan kwafin ya faɗa hannun yaran da ke zare kaset suna wasa da shi a kan titi, da shi ke nan. Sai dai abin kunya ne a ce kullum sai baƙo ya zo ya buɗe mana adakarmu.

Ga masu gyara, roƙona ɗaya ne, kuma ba zai rage musu ko kwabo ba. Ana iya dasa fanel ɗin a gefe ko a saman akwatin, a sa ɗan makunni mai zaɓa tsakanin kaset da memori, a bar injin a mazauninsa. In rikodar mai ƙofa biyu ce, a sadaukar da ɗaya a bar ɗaya. In kuwa mai kaya ya dage sai an cire, to a adana injin, domin hed da mota da taya na National na asali nan gaba kaɗan za su fi fanel ɗin tsada. Mai gyaran da ya riƙe rikoda ɗaya lafiyayya, ya koyi juye kaset zuwa kwamfuta, ya buɗe wa kansa wata sana'ar da babu mai yin ta a yankinsa.

Juyewar ba ta da wuyar da ake zato, haƙuri take so. A fara karya 'yan haƙoran nan biyu da ke saman kaset, don kada hannu ya kuskure ya danna jan maɓalli a shafe abin da ake son ceto. A goge hed da auduga da sifirit, a gwada rikodar da kaset ɗin da ba a damu da shi ba. A jikin hed akwai ɗan kusa da ake juyawa kaɗan-kaɗan har murya ta washe, kowane tsohon mai gyara ya san shi. Sai a ja waya daga ramin abin sauraro na kunne zuwa kwamfuta, a ɗauka da manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce. A ajiye uwar kwafin a tsarin WAV ba tare da matsewa ba, wanda a ma'aunin da masana suka yarda da shi awa ɗaya kan ci kusan giga ɗaya, sannan a fitar da MP3 don saurare da rabawa. Kaset mai minti casa'in minti casa'in zai ci, babu gajeriyar hanya. Kara waya a bakin lasifika yana kwaso carar zakara da ƙarar babur, amma inda babu kwamfuta ya fi a zauna haka nan. Kwafi ya zama a wuri uku daban-daban, a ɗauki hoton rubutun bayan kaset, shi kansa kaset ɗin kuma kada a yar.

Nauyi mafi girma yana kanmu mu na jami'a. Shekara da shekaru ɗaliban Hausa da na tarihi suna zuwa ƙauyuka da rikoda suna hira da tsofaffi don rubuta kundin digiri. An karɓi kundin an ba da maki, kasa-kasan kuwa a sassa da yawa suna cikin kwalaye, in ma ba a zubar ba. Ayyuka irin Diwanin Waƙoƙin Baka na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, da littafin Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa da ya fito a 2006, sun nuna abin da ake iya fitarwa in an sami sautin an zauna a kansa. Muna da wuraren da suka dace da riƙon irin wannan amana: Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Ɗanhausa a Kano, da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da ɗakunan ajiya na gidajen rediyo. Kuɗi ma akwai inda ake nema, domin Laburaren Birtaniya yana da shirin tallafa wa ma'adanan da ke cikin haɗari tun 2004, Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalas ita ma tana da irinsa tun 2018. Amma kafin a kai ga rubuta takardar neman tallafi, teburi ɗaya da rikoda biyu da kwamfuta da farantin sola a sakatariyar ƙaramar hukuma ko a fadar Ƙaraye sun isa a fara. A ce wa jama'a su kawo, a juye musu, a mayar musu da kayansu tare da kwafi, a roƙi izinin ajiye ɗaya. Ɗalibin da ya fito daga yankin, maimakon ya sake rubuta kundi na ɗari a kan jigo da salon waƙar da kowa ya sani, a ba shi kaset ashirin na garinsu ya juye, ya rubuta abin da ke ciki, ya gano masu maganar.

Izinin nan da na ambata ba na ado ba ne. Kaset ɗin saƙo wasiƙa ce, a cikinsa akwai maganar bashi da ta aure da ta rabon gado, wani abin in ya fita zai iya tayar da rigimar da aka binne tun kafin a haifi mai juyewar. Wanda iyali suka ce a rufe, a rufe shi, a rubuta shekarar da suka yarda a buɗe. Waƙar makaɗi kuma tana da magada, bai halatta a juye ta da sunan ceto sannan a same ta ana sayarwa a shagon turi ba su sani ba. Ranar da za a saurari kaset ɗin a karo na farko, a tabbata akwai dattijo ko dattijuwar gidan a zaune, da takarda da biro a hannun wani yaro, domin su ne za su ce wannan muryar wance ce, wancan mai tarin wane ne, bikin kuma na shekarar da aka yi fari ne ko ta bayanta.